Wa Ya Gaji Funakoshi? Shugabanci da Rabon Gado a Ƙungiyar Kareti ta Japan

A shekarar 1999 Kotun Ƙolin Japan ta kawo ƙarshen wata shari'a da aka shafe kusan shekara goma ana tafkawa. Masu ƙara da waɗanda ake ƙara galibinsu malaman kareti ne. Da yawansu a ɗaki ɗaya suka yi karatu, a hannun malami ɗaya, sun sha fasa wa juna leɓe a wurin atisaye tun suna samari. Abin da ya kai su gaban alƙali suna ne: wane ɓangare ne yake da haƙƙin kiran kansa Ƙungiyar Kareti ta Japan, wadda duniya ta fi sani da JKA, wa kuma zai riƙe rajistarta da tambarinta. Kotu ta bai wa ɓangare ɗaya gaskiya, ɗayan kuma ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya fita.

Rigimar ba ta tsaya a Tokyo ba. Salon da JKA ta yaɗa, wato Shotokan, yana cikin waɗanda suka fi yawan mabiya a duniya. Yaron da yake koyon Heian Shodan, jerin motsin da ake koya wa sababbin ɗalibai, a wani filin wasa a Kano ko Yamai, yana ƙirga takunta 21, in wata rana ya nemi takardar shaida ta ƙasa da ƙasa, to hatimin ɗaya daga cikin gidajen da wannan rabuwa ta haifar zai gani a jikinta. Kowane gida kuwa cewa yake yi shi ne magajin gaskiya. Kafin a auna wannan iƙirari dole a san me aka bari, wa kuma ya bar shi.

Daga tsakar gidan Asato zuwa Tokyo

An haifi Gichin Funakoshi a 1868 a Shuri, babban birnin tsohuwar masarautar Ryukyu, wadda Japan ta rushe ta mayar da ita lardin Okinawa a 1879. Malamin makaranta ne. Kareti kuma da dare ya koye shi, a tsakar gidan Anko Asato, daga baya a wurin Anko Itosu. Babu ƙungiya a lokacin, babu kakin wasa, babu ɗamara mai launi, babu jarrabawa. Malami ya zauna da fitila a gefensa, almajiri ya yi ta maimaita kata guda, wato jerin tsayuwa da kariya da bugu da ake yi da abokin gāba na zuci, har sai ƙafa ta fara rawa. Funakoshi ya ce shekaru ya kwashe a kan kata mai suna Naihanchi kaɗai. Gado a wannan tsari ba ya buƙatar kotu, domin duk garin ya san wa ya zauna a gaban wa.

Itosu ne ya fara buɗe ƙofa. A farkon shekarun 1900 ya shigar da kareti makarantun gwamnati na Okinawa, ya kuma tsara gajerun kata guda 5 masu suna Pinan domin yaran aji su iya ɗauka. Daga ranar da aka jera yara sahu-sahu ana ƙirga musu taku, kareti ya tashi daga sirrin gida ya zama darasi.

A 1922 Funakoshi ya je Tokyo domin nuna kareti a wani baje kolin wasannin motsa jiki da Ma'aikatar Ilimi ta shirya. Ya tafi da niyyar dawowa, amma Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya gayyace shi Kodokan, cibiyar judo. A can Funakoshi ya yi kata Kushanku, wani matashi ɗan Okinawa mai suna Gima ya yi Naihanchi. Daga nan zama ya kama shi. Ya sauka a Meisei Juku, gidan kwanan ɗaliban Okinawa, dattijo mai shekara 50 da ɗoriya yana shara yana kula da lambu don ya samu abin biyan ɗaki, yana koyarwa a zauren gidan. Ina jin duk mai ɗaura baƙar ɗamara a yau ya kamata ya san wannan, domin da tsintsiya aka fara gina gidan da aka yi shari'a a kansa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne Funakoshi da kansa mai sauyi ne, ba mai gadin abin da ya tarar ba. Farar rigar atisaye da tsarin daraja na dan, wato matakan baƙar ɗamara, daga judo ya aro su, kuma a 1924 ya ba da baƙar ɗamara ta farko ga wasu almajiransa. A shekarar ce aka buɗe kulob a Jami'ar Keio, wasu jami'o'i suka biyo baya. Ya sauya wa kata sunaye zuwa na Japananci: Pinan ta koma Heian, Naihanchi ta koma Tekki, Kushanku ta koma Kanku, Wanshu ta koma Enpi. Ɗansa Gigo ya ƙara nasa, ya sauke tsayuwa ƙasa ya tsawaita ta, ya bunƙasa shuri mai tashi sama da shurin gefe. Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan uban zai ga yana tsaye a miƙe, ƙafafunsa kusa da juna, nesa da zurfafan tsayuwar da ake kira Shotokan ta asali a yau. A ƙarshen shekarun 1930 almajirai suka yi karo-karo suka gina masa ɗakin atisaye a Tokyo, suka raɗa masa Shotokan, daga Shoto, sunan da yake sa hannu da shi a waƙoƙinsa.

Shekarar 1945 ta share kusan komai. Jiragen Amurka suka ƙone ɗakin, tarin fuka ya kashe Gigo yana da shekara 39, almajirai da dama suka mutu a fagen daga. Gigo shi ne wanda kowa zai amince da shi a matsayin magaji ba gardama. Da rasuwarsa aka bar tsoho mai shekara 77 da tarin almajirai waɗanda kowannensu ya koyi kareti a wani zango daban na rayuwar malamin, kowa kuma yana rantsuwa cewa nasa ne daidai.

A 1949 manyan almajirai suka kafa JKA. Aka ba Funakoshi kujerar babban malami ta girmamawa, Isao Obata na Keio ya zama shugaban gudanarwa. Tun tafiya ba ta yi nisa ba aka fara kallon juna a kaikaice. Tsofaffin ɗaliban Keio da Waseda da Hosei, waɗanda galibi suke da aikin yi da rufin asiri, suna ganin karɓar kuɗi don koyar da kareti zubar da mutuncinsa ne. Mutanen Jami'ar Takushoku, jami'ar da take horar da matasa don aiki a ƙasashen waje, su kuwa so suke a mayar da koyarwa sana'a, da albashi da ofis da manhaja. A farkon shekarun 1950 Obata da wasu suka ja jiki, ragamar ta faɗa hannun mutanen Takushoku, a gabansu kuma akwai Masatoshi Nakayama.

An haifi Nakayama a 1913, ya shiga Takushoku a 1932, ya zauna a ƙasar Sin daga 1937 zuwa 1946. Mutum ne mai son tsari. Ya koyar da sojojin saman Amurka bayan yaƙi, mutanen da ba su saba da a ce musu su yi kawai ba sai sun tambayi dalili, wannan ya tura shi nazarin yadda ƙugu yake juyawa da yadda ƙarfi yake tasowa daga ƙasa zuwa dunƙule. Shi ya tsayar da karatun a kan ginshiƙai uku, kihon da kata da kumite, wato tushe da jeri da karawa. Littattafansa, musamman jerin Best Karate mai juzu'i 11, su ne ma'aunin da ake komawa a yau in gardama ta tashi kan inda hannu zai tsaya.

Shekarar 1957

In ana neman shekara guda da ta ƙunshi dukkan labarin, to wannan ce. A ranar 10 ga Afrilu Ma'aikatar Ilimi ta amince da JKA a matsayin ƙungiya mai rajista a hukumance. A ranar 26 ga watan Funakoshi ya rasu. Kafin a kammala makoki aka saɓa kan wa zai shirya jana'iza. Iyali suka miƙa lamarin ga Shotokai, taron almajiran da Shigeru Egami da Genshin Hironishi suke gaba a cikinsa, JKA kuma ta ƙi yarda da hakan. Abin takaici ne ƙwarai a ce mutumin da ya koyar da cewa kareti da girmamawa yake farawa, da ita kuma yake ƙarewa, almajiransa sun kasa tsayawa sahu ɗaya a kan gawarsa.

Wata shida bayan haka, a watan Oktoba, JKA ta gudanar da gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya a Tokyo. Hirokazu Kanazawa ya ci kofin kumite da karyayyen hannu. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, ya yi niyyar janyewa, sai mahaifiyarsa da ta yi doguwar tafiya don kallonsa ta tambaye shi ko da hannu kaɗai ake yin kareti. Ya shiga yana karewa da hannu ɗaya yana cin maki da ƙafa. Labari ne mai daɗi, kuma ya jawo wa JKA farin jini. Sai dai Funakoshi bai taɓa sakin jiki da karawar neman kofi ba. Mutanen Shotokai suka riƙe wannan matsayi har yau: ba sa gasa, kuma ba sa ba da daraja sama da dan na 5, domin malamin bai taɓa ba wani sama da haka ba. Su ne suka kafa masa dutsen tunawa a haikalin Engaku-ji da ke Kamakura a 1968, da maganarsa a jiki cewa a kareti ba a fara kai hari. Ke nan tun kafin rigimar cikin gida ta JKA, akwai masu ganin ita kanta ta saki layi.

Hujjar Nakayama ita ce samarin jami'a suna ta karawa a tsakaninsu ba doka ba alƙali, ana zubar da haƙora ana karya hanci, kuma judo da kendo, wato wasan takobi na Japan, sun riga sun yi gasa sun kwashe matasa. Ya fitar da doka mai tsauri, wadda ake kira shobu ippon: bugu ɗaya cikakke, wanda da a ce da gaske ne ya gama faɗan, shi ke ba da nasara, amma dole a tsayar da shi dab da jiki. A ganina wannan ƙoƙari ne na gaskiya na ɗaura wa gasa linzami, ko da yake linzamin bai riƙe ba a ko'ina.

Babban aikin Nakayama ba gasar ba ce. Shi ne shirin horar da malamai da aka fara a 1956 a ƙaramin ɗakin JKA da ke Yotsuya. Akan zaɓo matasa ƙalilan, yawanci zakarun kulob na jami'a, su zama ɗalibai na cikakken lokaci. Kullum su shiga atisayen malamai, inda manyansu suke jiran su ba sassauci, su kuma taya koyar da ajin gama-gari, su rubuta rahoto kan dabaru da aikin gaɓoɓin jiki. Rukunin farko da ya kammala a 1957 mutum 3 ne: Takayuki Mikami, Eiji Takaura da Kanazawa. Ƙaranci irin wannan shi ne sirrin abin. Wanda ya fito daga wannan ɗaki, ko a Landan ka gan shi ko a Alƙahira, tsayuwarsa ɗaya ce, juyin ƙugunsa ɗaya, ƙirgarsa ɗaya. Gadon da a da yake tafiya daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya a tsakar gida, Nakayama ya samo hanyar zuba shi a jikin mutane da dama ba tare da ya tsinke ba.

Sai ya watsa su duniya. A 1961 Hidetaka Nishiyama ya zauna a Los Angeles, Teruyuki Okazaki a Philadelphia, Kanazawa a Hawaii. A 1965 Taiji Kase da Keinosuke Enoeda da Hiroshi Shirai da Kanazawa suka zaga ƙasashe suna nuna kareti, har da Afirka ta Kudu. Daga baya Enoeda ya kafu a Ingila, Shirai a Italiya, Kase a Faransa, Hideo Ochi a Jamus, Hideki Okamoto kuma a Masar. Sun je ba harshe, ba kuɗin kirki, suka gina komai da guminsu. Bayan shekara ashirin kowannensu ya zama uba a ƙasarsa, da dubban almajirai waɗanda shi suka sani, shi ya ɗaura musu ɗamara, ba su taɓa taka Tokyo ba. A nan irin rabuwa ya faɗi ƙasa. Mutumin da ya gina gida da hannunsa a Milan ko Philadelphia, da wuya ya ci gaba da jiran izinin wani kwamiti kafin ya gyara darasi ko ya ba almajirinsa daraja.

Kanazawa ne babban da ya fara fita, a 1977, kuma a 1978 ya kafa ƙungiyarsa, SKIF. Amma muddin Nakayama yana raye sauran suna zaune, domin duk girman mutum a ƙasarsa, in ya shiga gaban wanda ya horar da shi ɗalibi ne.

Kujeru biyu, gida ɗaya

Don a fahimci abin da ya biyo baya sai an san cewa JKA kai biyu gare ta. Akwai babban malami, wanda yake riƙe da fasaha: manhaja, jarrabawa, horar da malamai. Akwai kuma shugaban ƙungiya da majalisar daraktoci, waɗanda doka ta sani, su ke riƙe da rajista da asusu da kadara. Al'adar Japan ce a ɗora wani babban ɗan siyasa ko attajiri a kujerar shugaba don ya zama inuwa. A zamanin Nakayama babu wanda ya damu da wannan bambanci, domin kwarjininsa ya rufe shi.

Ya rasu a ranar 15 ga Afrilun 1987, bai bar magajin da kowa ya sallama wa ba. Waɗanda suka fi cancanta ta fuskar shekaru suna ƙasashen waje da nasu gidajen. Waɗanda suke hedikwata kuwa tsararrakin juna ne, zakaru ne dukansu, babu mai jin ɗan'uwansa ya fi shi. A 1990 gidan ya dāre biyu. Ɓangare ɗaya yana ƙarƙashin Nobuyuki Nakahara, attajirin harkar mai wanda daga baya ya zauna a kwamitin tsara manufofi na Babban Bankin Japan, tare da malamai irin su Masaaki Ueki da Masahiko Tanaka da Yoshiharu Osaka, suka kuma naɗa Motokuni Sugiura babban malami. Ɗaya ɓangaren Tetsuhiko Asai ne jagoransa ta fuskar fasaha, tsohon minista Raizo Matsuno yana kujerar shugaba, tare da Keigo Abe da Mikio Yahara da Masao Kagawa. Tsawon shekarun 1990 JKA biyu ake da su, kowacce da gasarta, kowacce tana ba da takardar dan da suna iri ɗaya. Malamai a ƙasashen waje suka shiga tsaka mai wuya, kowa aka ce ya zaɓi gefe, abokan shekara da shekaru suka daina gaisawa.

Kada a ɗauka sunan abin ado ne kawai. Kowace jarrabawar dan da kuɗinta, kowace rajista a hedikwata da nata, ga kuɗin zama mamba, ga kwasa-kwasan da malamai suke zagaya duniya suna bayarwa. Wanda ya riƙe sunan shi ya riƙe wannan rijiya. Hukuncin 1999 ya bar ta a hannun ɓangaren Nakahara. Abin da kotu ta duba kuwa dokar ƙungiya ce da halaccin tarurruka da naɗe-naɗe. Ba aikinta ba ne ta faɗi wa ya fi iya katar Kanku Dai, ko wa ya fi kusa da abin da Nakayama ya koyar.

Waɗanda suka rasa shari'ar su ma ba su zauna tare ba. Kowa ya kafa tasa ƙungiyar: Abe ya kafa JSKA, Yahara ya kafa KWF, Asai ya kafa JKS a 2000, da ya rasu a 2006 Kagawa ya ci gaba da jagorancin fasaharta. Su ma waɗanda suka yi nasara ba su tsira ba. Enoeda ya rasu a 2003, ƙungiyar da aka kafa a Birtaniya tun 1966 ta raba gari da Tokyo kan batun wanda zai gaje shi, aka kafa sabon reshe na JKA a Ingila. A 2007 Okazaki ya fitar da ƙungiyarsa ISKF daga ƙarƙashin JKA. Kusan duk mutuwar babban malami sai ta haifi sabuwar ƙungiya.

Ra'ayina a nan shi ne, a daina neman mugu guda a wannan labari. Nakayama ya warware matsala mai wuya, wato yadda za a isar da fasaha ga mutane da yawa ba tare da ta lalace ba, amma ya bar wadda ta fi sauƙi a takarda, wato wa zai hau kujera bayansa, ta wace hanya, kuma mene ne iyakar ikon ofis a kan ɗakin atisaye. Nasararsa ce ta sa rashin wannan tsari ya yi tsada haka, domin ya samar da magada na gaske da yawa a lokaci guda. Asai, da salonsa mai laushi da juyi kamar bulala, ɗan wannan ɗaki ne. Osaka, wanda ake buga misali da tsabtar katarsa, shi ma ɗan ɗakin ne. Duk wanda ya ce ɗayansu ba magaji ba ne bai yi adalci ba.

Gidajen sun ɗauki darasi, kowa ta hanyarsa. Kanazawa tun yana raye ya miƙa shugabancin SKIF ga ɗansa Nobuaki, ya sa Manabu Murakami babban malami, don haka da ya rasu a 2019 ba a ji hayaniya irin ta da ba. Okazaki ma ya miƙa ISKF ga ɗan ɗan'uwansa Hiroyoshi kafin rasuwarsa a 2020. JKA kuwa ta bi hanyar hukuma: bayan Sugiura ya sauka, Ueki ya hau a 2010 ba tare da gida ya tsage ba. Gadon jini yana kawo kwanciyar hankali da wuri, amma yana iya sa almajirin da ya fi ƙwarewa ya ga babu gobe a gidan. Gadon hukuma ya fi dawwama, sai dai yana iya fifita mai biyayya a kan mai basira.

Ga ɗalibi a ƙasarmu, abin ba baƙo ba ne. Mun san ijaza a karatun zaure: darajarta ba a takardar take ba, tana ga malamin da ya ba da ita, da wanda ya ba shi, da kuma shekarun da almajiri ya yi durƙushe a gabansa. Haka ya kamata a karanta takardar dan. Haruffa uku ko huɗu da ke samanta suna faɗa maka ofishin da ya karɓi kuɗin rajista. Abin da ya fi su amfani shi ne a san wa ya koyar da malamin, shekara nawa ya yi a hannunsa, wa ya zauna a teburin jarrabawarsa, kuma shin har yanzu yana sa riga ya yi gumi ko ya koma tsayawa gefe yana ƙirga. Ya kamata a sani kuma cewa waɗannan ƙungiyoyi ba sa karɓar takardun juna kai tsaye. Mai sauya gida sau da yawa sai an sake tantance shi ko ya sake rajista, komai daɗewarsa da baƙar ɗamara.

Akwai abin ban mamaki a yadda JKA take kallon kanta a yau. Ƙungiyar da Shotokai ta zarga da bidi'ar gasa ita ce yanzu take kiran kanta mai tsaron al'adar kareti mafi girma, tana nesanta kanta da kareti na tara maki, irin wanda Hukumar Kareti ta Duniya, WKF, take gudanarwa da safar hannu ja da shuɗi. Wannan salon ne ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a watan Agustan 2021 a zauren Nippon Budokan. Feryal Abdelaziz ta Masar ta ci zinare, abin alfahari ga Afirka. A wasan ƙarshe na maza masu nauyi kuwa, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ɗan Iran ɗin ya faɗi a sume. Alƙalai suka kori Hamedi saboda bai tsayar da bugunsa ba, aka bai wa wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya zinare. 'Yan kallo da yawa suka yi ta tsaki. Amma tambayar da ta raba Nakayama da Egami ce ta sake bayyana a gaban duniya: yaya za a yi gasa da fasahar da aka gina don bugu ɗaya ya gama magana? Paris ba ta sa kareti a wasanninta na 2024 ba.

Zinaren kata na maza a Tokyo ɗan Okinawa ne ya ɗauke shi, Ryo Kiyuna, da kata daga salon Ryuei-ryu, wanda bai bi ta hannun Funakoshi ba sam. Tsibirin da komai ya faro bai taɓa yarda cewa gadon ya ƙaura zuwa Tokyo ba. Tun 2005 majalisar lardin ta ayyana 25 ga Oktoba a matsayin Ranar Kareti, don tunawa da taron manyan malamai da aka yi a Naha a 1936. A 2017 aka buɗe katafaren zauren Okinawa Karate Kaikan a Tomigusuku, da ɗakunan atisaye da gidan tarihi, kuma gwamnatin lardin tana fafutukar ganin UNESCO ta sanya kareti na Okinawa cikin jerin al'adun gado na duniya.